Atlantis: Asalin Masarautar Teku da Fasalin Ƙasarta a Labarin Aflatun

Atlantis sunan wata masarauta ce ta tsibiri wadda masanin falsafar Girka, Aflatun, wanda Turawa ke kira Plato, ya kawo labarinta a littattafansa biyu, Timaeus da Critias, wajajen shekara ta 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Labarin ya ce ƙasa ce mai tarin dukiya da jiragen yaƙi, a can yamma cikin babban teku, ta ɗaura ɗamarar mamaye ƙasashen Bahar Rum, mutanen birnin Atina na Girka suka karya ta, daga bisani teku ya haɗiye ta cikin yini ɗaya da dare ɗaya. Babu wani rubutu da ya ambaci wannan masarauta kafin Aflatun, kuma duk wanda ya yi maganarta bayansa daga gare shi ya ɗebo. Galibin masana tarihin Girka na yau sun tafi a kan cewa ƙagaggen labari ne da ya shirya don koyar da siyasa.

Silsilar labarin

Aflatun bai ce shi ya ƙirƙiro labarin ba. Ya sa shi a bakin wani mutumin Atina mai suna Critias, wanda ke ba Socrates, malamin Aflatun, da abokan zamansa. Critias ya ce yana ɗan shekara goma ya ji shi daga kakansa, tsoho mai kusan shekara casa'in, shi kuma kakan ya gada daga mahaifinsa Dropides, wanda ya ji daga bakin Solon, mashahurin mai tsara dokokin Atina. Solon kuwa, in ji labarin, ya samo shi ne a birnin Sais da ke bakin kogin Nilu a Masar, inda wani tsohon limamin gunkiya Neith ya gaya masa cewa Girkawa kullum yara ne, ba su da tsohon ilimi, domin ambaliya da gobara kan shafe masu rubutunsu lokaci zuwa lokaci su koma farawa daga tushe. Limamin ya ce abin ya faru shekara 9,000 kafin zamaninsu. Wannan doguwar silsila ita ce ta ba labarin kamannin tarihi, ita ce kuma ta ruɗi masu karatu da yawa har yau.

Yadda aka kafa masarautar

Bisa almarar, allolin Girkawa sun raba duniya tsakaninsu ta hanyar ƙuri'a, tsibirin ya faɗo a rabon Poseidon, ubangijin teku a aƙidarsu. A tsakiyar gaɓar tsibirin akwai wani fili mai albarka, kusa da shi kuma wani ɗan tudu mara tsawo. A kan tudun wani mutum mai suna Evenor ke zaune, ɗaya daga cikin mutanen farko da aka ce daga ƙasa suka tsiro, tare da matarsa Leucippe da 'yarsu tilo, Cleito. Yarinyar na isa aure iyayenta suka rasu. Poseidon ya so ta, ya zauna da ita, sannan ya killace tudun da zobba biyar, uku na ruwa biyu na ƙasa, ɗaya cikin ɗaya kamar zanen faifai. Aflatun ya faɗi dalilin a fili: don kada wani ɗan Adam ya isa wurin, tunda a lokacin ba a san jirgi ko tuƙi ba. Ya kuma ɓullo da maɓuɓɓuga biyu a tsakiya, ɗaya ta ruwan zafi ɗaya ta ruwan sanyi.

Cleito ta haifi tagwaye maza har sau biyar. Uban ya raba tsibirin kashi goma. Babban ɗan, Atlas, ya sami gidan uwarsa da filin da ke kewaye, aka naɗa shi sarki a kan 'yan'uwansa, kuma daga sunansa tsibirin da tekun suka sami nasu sunan. Abokin tagwaitakarsa, Gadeirus, wanda da Girkanci ake ce wa Eumelus, ya sami ƙarshen tsibirin ta gabas, daura da yankin Gadeira, wato birnin Cadiz na Sifaniya a yau. Sauran takwas ɗin sunayensu kawai aka jero, ba a ba da labarin kowa ba. Sarauta ta ci gaba a gidan Atlas, daga babban ɗa zuwa babban ɗa.

Wurin da aka ce take, da fasalinta

Timaeus ya ajiye tsibirin a gaban mashigin da Girkawa ke kira Ginshiƙan Heracles, wanda aka fi ɗauka shi ne mashigin Jibralta. An ce ya fi Libiya da Asiya girma idan an haɗa su, amma a sani cewa Libiya a bakin Girkawa na nufin abin da suka sani na arewacin Afirka, Asiya kuma yankin da ya yi kusa da su. Daga tsibirin ana iya tsallakawa zuwa wasu tsibirai, daga can zuwa wata babbar nahiya da ta kewaye tekun. Mulkin sarakunan ya kai iyakar Masar ta ɓangaren Afirka, ya kai Tyrrhenia, wato tsakiyar Italiya, ta ɓangaren Turai.

A littafin Critias ne aka baje awon ƙasar dalla-dalla, da ma'aunin Girkawa na sitadiya, wanda ya kai kimanin mita 185. Babban filin doguwar murabba'i ne, sitadiya 3,000 a tsawo da 2,000 a faɗi, kusan kilomita 555 da 370 ke nan. Yana fuskantar kudu, manyan duwatsu sun kare shi daga iskar arewa, kuma a cikin duwatsun akwai ƙauyuka masu arziki da koguna da tafkuna da dazuzzukan katako. An haƙa wani gwalalo ya zagaye filin gaba ɗaya, zurfinsa ƙafa 100, faɗinsa sitadiya ɗaya, tsawonsa sitadiya 10,000. Shi kansa Critias ya yarda cewa da wuya a gaskata hannun mutum ya yi wannan aiki, amma ya ce abin da ya ji yake faɗa. Daga gwalalon aka yanka magudanai a miƙe, tazarar sitadiya 100 tsakanin kowane biyu, ana sauko da katako da amfanin gona ta cikinsu. Noma sau biyu ake yi a shekara, ɗaya da ruwan sama, ɗaya da ban-ruwa. Akwai giwaye da yawa, akwai itatuwan ƙamshi, akwai kuma wani ƙarfe mai suna orikalkum da ake haƙa a wurare da dama, wanda zinariya kaɗai ta fi shi daraja.

Birnin shi ne zuciyar labarin, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura. Zobban da Poseidon ya yi don rufe tudun, jikokinsa ne suka buɗe su. Suka gina gadoji daga zobe zuwa zobe har fada. Suka haƙa hanyar ruwa daga teku zuwa zoben waje, tsawonta sitadiya 50, faɗinta ƙafa 300, zurfinta ƙafa 100, yadda mafi girman jirgi zai shigo. Suka fasa zobban ƙasar suka yi musu rufi daga sama, jirgin yaƙi ɗaya na iya wucewa ta ƙarƙashi. Zoben ruwa na waje da na ƙasar da ke biye da shi kowanne sitadiya 3 ne a faɗi, na biyu kowanne 2, zoben ruwa na ciki 1, tsibirin tsakiya kuma 5 daga gefe zuwa gefe. Idan aka haɗa, duka da'irar ta kai sitadiya 27, kimanin kilomita biyar. Duwatsun ginin farare ne da baƙaƙe da jajaye, an fasa su daga ƙarƙashin zobban, ramukan da suka bari suka zama ma'ajiyar jirage. Ganuwar waje an lulluɓe ta da tagulla, ta biyu da kuza, ta fada da orikalkum mai walƙiya kamar wuta.

A tsakiya akwai wurin ibadar Cleito da Poseidon, an kewaye shi da katangar zinariya, ba mai shiga. Kusa da shi haikalin Poseidon, tsawonsa sitadiya ɗaya, bayansa azurfa, ƙololuwarsa zinariya, rufinsa na ciki hauren giwa. Gunkin yana tsaye a kan keken yaƙi da dawakai shida masu fukafukai, kansa na taɓa rufi. Aflatun ya ce ginin yana da wani abu na baƙunta a siffarsa, wato ba irin na Girkawa ba, kuma a bakinsa wannan ba yabo ba ne. Daga maɓuɓɓugan nan biyu aka yi wuraren wanka na sarakuna da na talakawa da na mata, har da na dawakai. A kan babban zoben ƙasa akwai filin sukuwa da ya zagaye shi. Wata ganuwa ta ƙarshe, mai nisan sitadiya 50 daga zoben waje, ta rufe unguwannin jama'a, inda gidaje suka cunkushe, tashar jirage cike da fatake daga ko'ina, hayaniya ba dare ba rana.

An kasa filin gunduma 60,000, kowace da abin da za ta bayar idan yaƙi ya tashi. Jimlar ta kama keken yaƙi 10,000 da jiragen ruwa 1,200. Kowace gunduma na ba da matuƙa huɗu, wato mutum 240,000, ko 200 a kowane jirgi, daidai da adadin mutanen da ke cikin jirgin yaƙin Atina na zamanin Aflatun. Wannan rundunar gidan Atlas ce kaɗai, ban da ta sauran sarakuna tara.

Taron sarakuna goma

Dokokin Poseidon an rubuta su a jikin wani ginshiƙin orikalkum a cikin haikali. Sarakunan kan taru a can bayan shekara biyar, sannan bayan shida, bi da bi. Kafin shari'a sai su goman kaɗai su farauci bijimi cikin waɗanda aka saki a harabar, da sanduna da igiya, ba a yarda da ƙarfe ba. Su yanka shi a kan ginshiƙin jinin ya bi rubutun, su gauraya jinin da giya su sha a kofunan zinariya, su rantse za su yi hukunci bisa doka. Idan dare ya yi sai su sa riguna shuɗɗa masu duhu, a kashe duk wutar haikalin, su zauna a ƙasa su yi wa juna shari'a, da safe a rubuta hukuncin a allon zinariya. Babbar dokar ita ce kada su ɗauki makami a kan juna, kuma sarki ba zai kashe ɗan'uwansa na jini ba sai fiye da rabin goman sun amince.

Lalacewa da nutsewa

Critias ya ce tsararraki da yawa sarakunan sun riƙe dukiya kamar kaya mai nauyi, ba ta juya musu kai ba. Da jinin allahntakar ya tsinke saboda yawan cakuɗuwa da na mutane, sai kwaɗayi da son mulki suka rinjaye su, kuma a lokacin da suka fi lalacewa ne masu kallo daga nesa suka fi ganin sun ci gaba. Zeus, shugaban allolin Girkawa, ya tara alloli don ya hukunta sarakunan. Littafin ya katse a daidai inda zai fara magana, ba a kammala jimlar ba. Ƙarshen labarin sai a Timaeus: Atlantis ta kawo hari, ƙawayen Atina suka watse, Atina ta tsaya ita kaɗai ta yi nasara ta 'yantar da sauran. Bayan haka girgizar ƙasa da ambaliya suka zo, ƙasa ta haɗiye mayaƙan Atina, teku ya haɗiye tsibirin, ya bar taɓon da ya hana jirage wucewa.

Abin da Aflatun ke nufi, da masu neman ta a taswira

Tsohuwar Atina ta labarin ƙasa ce ta manoma da mayaƙan ƙasa, ba ta da tashar jirage, masu tsaronta ba sa taɓa zinariya ko azurfa. Atina ta zamanin Aflatun kuwa ta dogara da jirage da tashar Piraeus da harajin ƙawaye, har ta kai rundunar ruwa tsibirin Sicily a shekarar 415 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka hallaka rundunar a 413, ta kuma sha kashi a hannun Sparta a 404. Masanin tarihi Bafaranshe Pierre Vidal-Naquet ya nuna cewa Atlantis ita ce Atinar jirage, an sa ta yaƙi da Atinar da Aflatun ke buri. Wannan fassarar ita ce ta fi dacewa da abin da ke cikin littafin, tunda hatta taswirar birnin labari ne na wurin da aka killace daga teku sannan aka buɗe masa ƙofa. Kayan ginin labarin ma suna kusa da marubucin: a shekarar 373 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) birnin Helike da ke gaɓar mashigin tekun Korinti ya nutse cikin dare ɗaya bayan girgizar ƙasa, kuma masanin tarihin Girka Herodotus ya riga ya siffanta birnin Ecbatana mai ganuwa bakwai masu launi, ɗaya cikin ɗaya.

Duk da haka neman ta bai tsaya ba. Olof Rudbeck ya ce Suwidin ce, a aikin da ya fara bugawa a 1679. Ba'amurke Ignatius Donnelly, a littafinsa na 1882, ya mai da ita uwar duk wayewar duniya, kuma daga gare shi yawancin ruɗanin yau ya samo tushe. Wasu sun danganta ta da aman wutar tsibirin Thera na Girka wajajen shekara ta 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu a 'yan shekarun nan da da'irar Richat ta Moritaniya, wadda halittar dutse ce mai faɗin kusan kilomita 40, nesa ƙwarai da awon Aflatun. Binciken ƙasan Tekun Atlantika bai nuna wata nahiya da ta nutse ba.

Najeriya ma ta shiga wannan zance ta hanya mara daɗi. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya je Ile-Ife, ya ga wani kan tagulla da kawunan yumɓu masu ban mamaki, ya ƙi yarda cewa kakannin Yarabawa ne suka yi su, ya ce ragowar Atlantis ce, ya kuma daidaita Olokun, ubangijin teku a aƙidar Yarabawa, da Poseidon. Wannan ƙwace ne na aikin mutane da sunan almara. Ƙarin kawunan da aka tono a Ife a 1938 da binciken da ya biyo baya sun tabbatar da cewa aikin maƙeran garin ne, na tsakanin ƙarni na 12 da na 15.

A fagen adabi kuwa Atlantis ta zama abin koyi ga masu ƙaga masarautun teku. Francis Bacon ya ari sunan a New Atlantis, wanda aka buga bayan rasuwarsa a 1626, J. R. R. Tolkien kuma ya faɗa a wasiƙunsa cewa tsibirin Númenor, na sarakunan jirage da girman kai ya kai su ga nutsewa, nasa salon labarin Atlantis ne.