Ba ƙafar tsuntsu ce ke kare shi daga wutar lantarki ba

Tun muna yara a Gombe ake gaya mana wai ƙafar tsuntsu kamar roba take, shi ya sa kurciya ke zama a kan wayar wuta tana gyaran gashi, ko gezau. Wasu kuma su ce ai wayar ce a rufe. Duk ba haka ba ne. Manyan wayoyin nan masu ɗaukar bolt 11,000 ko 33,000 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki) tsirara suke, ƙafar kurciya kuwa nama ce da jini.

Maganar hanya ce. Lantarki ba ya ratsa abu sai da bambancin ƙarfi tsakanin wurare biyun da abin ya taɓa, kamar ruwan madatsar Dadin Kowa da ba ya gudu in babu gangare. Ƙafafun kurciya a kan waya ɗaya suke, tazararsu ba ta kai taƙi ba, don haka bambancin kusan sifili ne. A dokar Ohm, wutar da ke ratsa jiki ita ce wannan bambancin a raba shi da turjiyar jikin. To me za a samu in an raba kusan sifili?

Amma dubi jemage. Ga faɗin fiffike, da ya haɗa waya biyu sai a wayi gari a gan shi a rataye, ya bushe ƙayau. Mai kakkaɓar mangwaro da rodi ko ɗanyen gora shi ma hanya yake buɗewa, daga waya ta jikinsa zuwa ƙasa, kuma silifas ba ya tare bolt 11,000.