Tambayoyi a kan "put off": ɗagewa ce ko kashewa?

Mece ce ainihin ma'anar "put off"?

Ma'anarsa ta farko, wadda aka fi gani a jarida da jarrabawa, ita ce ɗage abu zuwa wani lokaci. A watan Fabrairun 2019, ana saura 'yan sa'o'i a buɗe rumfunan zaɓe, hukumar INEC ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga ranar 16 zuwa 23 ga wata. Da Turanci sai a ce "INEC put off the election." Ba fasa shi aka yi ba. Da fasawa ce, "call off" za a ce. Mai shirin WAEC ko JAMB ya riƙe wannan bambanci da kyau.

To, "put off the light" fa? Ai kowa haka yake faɗi.

Gaskiya ya bi bakin mutane a Najeriya, kuma duk wanda ka faɗa wa zai gane. Amma a rubutu na makaranta ko na ofis, "turn off" ko "switch off" ake so ga fitila, fanka da janareta. Wutar itace ko gobara kuwa "put out" ne. Inda tuntuɓen yake shi ne, tunda "put on" na nufin sanya riga ko kunna fitila, sai mutum ya ɗauka "put off" kishiyarsa ne. Ba haka ba ne. Cire abin da aka sanya "take off" ne: mai shiga masallaci zai "take off" takalminsa.

Yana da wata ma'ana?

Ƙwarai. Abu ya fita daga ran mutum. Ka tsaya wajen mai tsire, ka ga ƙuda sun yanyame naman, sai ka fasa saye: "The flies put me off." Haka kuma wanda kake bi bashi, kullum gobe, kullum jibi: "He keeps putting me off."

Yaya ake jera shi a jimla?

In abin da aka ɗage suna ne, ko'ina ya zauna daidai ne: "put off the meeting" ko "put the meeting off." In wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: "put it off." Aikatau da ya biyo baya kuma da "-ing" yake zuwa: "She put off going to the hospital," ba "to go" ba.