Farin ɓawon butar shayi ba datti ba ne

An daɗe ana ɗauka a Nima da sauran zangunan Akra cewa farin ɓawon da ke manne wa gindin butar mai shayi datti ne, ko kuma ƙarfen ne yake ruɓewa. Ba haka ba ne. Ruwan da ya ratsa ƙasa, musamman na burtsatse, yakan ɗauko narkakken kalsiyam, wani sinadari da ke cikin duwatsu da ƙasa, wanda iskar kabon dayoksaid (irin iskar da muke fitarwa idan muna numfashi) ke riƙewa a cikin ruwan. Da zarar ruwan ya tafasa, iskar sai ta fice, kalsiyam ɗin ya kwanta ya zama kalsiyam kabonet, sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai. Kankarewa da soson ƙarfe wahala ce kawai, domin ruwan lemun tsami yana narkar da shi, har a ga yana kumfa.