Bim ɗin gora da katako: wane irin nauyi yake iya ɗauka?

Me ake nufi da gorar da aka sarrafa?

Ita ake haɗawa da katako a yi bim, wato dogon abin da ake gittawa a gini don ya ɗauki nauyin rufi ko bene. Gora ce mai shekara 3 zuwa 5, galibi nau'in moso na ƙasar Sin, da ake tsagawa sala-sala, a fere bawonta, a busar, a manne da gam a cikin injin matsi. Akwai kuma wadda ake dandaƙawa, a jiƙa da gam, a danne ta sosai. Wannan ta fi ƙarfi, amma nauyinta kan wuce kilo 1,000 a kowace mita kubik.

Me ya sa ake haɗa ta da katako?

Idan bim ya ɗauki kaya, samansa na matsewa, ƙasansa na miƙewa, tsakiyarsa kuwa ba ta shan wahalar lanƙwasa sosai. Don haka ake shimfiɗa gora sama da ƙasa, a cike tsakiya da katako mara nauyi mai araha. Idan gorar gefe ɗaya kawai za ta isa, a sa ta a ƙasa, domin nan katako ke fara tsinkewa, musamman inda yake da ido, wato gurbin da reshe ya fito.

Yaya ake gwada ƙarfinsa?

A ƙa'idar Turai ta EN 408, ana ɗora bim ɗin kan madogara biyu masu tazarar ninki 18 na kaurinsa daga sama zuwa ƙasa, a danna shi a wuri biyu da suka raba tazarar gida uku, har ya karye. Damshin jikinsa ya kasance wajen kashi 12 cikin 100.

To ya fi katako ke nan?

Wajen jure karyewa, ƙwarai. Wajen ƙin lotsawa kuwa, bambancin kaɗan ne, kuma nan masu gini ke ruɗuwa. Bim na iya yin ciki har silin ya tsage alhali bai kusa karyewa ba. Maganin shi ne ƙara kauri daga sama zuwa ƙasa: ninka shi biyu na ƙara ƙarfi sau 4, ya rage lotsawa sau 8. Ninka faɗi kuwa sau 2 kawai yake bayarwa.

Ina matsala ta fi fitowa?

A layin gam. Fatar gora na da santsi, gam ba ya kama ta sai an kankare. Gora da katako kuma ba sa kumbura daidai idan damshi ya shige su, sai mahaɗar ta ɓaɓɓake. A gajeren bim mai kauri, katakon tsakiya kan tsage a tsawonsa kusa da madogara tun gorar ba ta gaji ba. Sannan gora na da sitaci mai jawo ƙwari, don haka akan jiƙa ta da maganin ƙwari, kamar ruwan sinadarin boraks, kafin a manna.