Tauraron Aktik (lambar yabo)

Tauraron Aktik lambar yabo ce ta soja da Birtaniya ta ƙirƙiro domin karrama waɗanda suka yi aiki a Aktik, yankin ƙanƙara na arewacin duniya, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, musamman sojojin ruwa da suka raka ayarin jiragen dakon kaya zuwa Tarayyar Sobiyat, da su kansu matuƙan jiragen. An fara raba ta ne ranar 19 ga Maris 2013, kusan shekara 68 bayan ƙarewar yaƙin.

Ayarin jiragen

Bayan Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyat a watan Yunin 1941, Birtaniya ta fara aika mata da tankokin yaƙi, jiragen sama, man fetur da abinci ta teku. Ayarin farko ya bar Libaful ranar 12 ga Agusta 1941, ya isa tashar jiragen ruwa ta Arkhangelsk a arewacin Rasha ranar 31 ga watan. Zuwa Mayun 1945 ayari 78 suka bi wannan hanya, zuwa da dawowa, yawanci daga Aislan ko Loch Ewe a Sikotilan zuwa Murmansk da Arkhangelsk.

Hanyar ta bi ta gefen Nowe, wadda ke hannun Jamusawa, don haka ana kai musu farmaki ta sama da kuma ta ƙarƙashin ruwa. Sanyi ma abokin gaba ne. Feshin ruwan teku na sauka a kan jirgi ya daskare nan take, sai ma'aikata su fito da gatari da guduma suna farfasa ƙanƙarar, kada nauyinta ya kifar da su. Wanda ya faɗa ruwa kuwa, cikin 'yan mintoci sai ta Allah ta kasance. Da bazara rana ba ta faɗuwa, ba duhun da za a fake a ciki.

Mafi munin abin da ya faru shi ne na ayarin PQ 17. Ranar 4 ga Yulin 1942, saboda tsoron babban jirgin yaƙin Jamus mai suna Tirpitz, aka ba ayarin umarnin watsewa, aka kuma janye manyan jiragen rakiya. Cikin jiragen kaya 35, an nutsar da 24. Jimilla, a duk tsawon aikin, an yi asarar jiragen kaya 85 da jiragen yaƙin Birtaniya 16, mutum sama da 3,000 suka rasu.

Jinkirin karramawa

Bayan yaƙi hukuma ta ce Tauraron Atlantika, lambar yabon waɗanda suka yi aiki a tekun Atlantika, ya wadatar. Sai dai sharaɗin samunsa shi ne wata shida ana aiki a teku, abin da da yawa daga cikin waɗanda suka yi aiki a Aktik ba su cika ba. 'Yan mazan jiyan sun ɗora laifin a kan Yaƙin Cacar Baka: ƙawar jiya ta zama abokiyar hamayya, ba wanda ke son tuna taimakon da aka yi mata.

Kwamanda Eddie Grenfell, wanda ya tsira lokacin da aka nutsar da jirginsu Empire Lawrence a 1942, shi ya ja ragamar neman haƙƙin nan shekara da shekaru. A 2006 gwamnati ta ba da wani ɗan baje na maƙalawa a riga, wanda bai kwantar da ƙorafin ba. Sai a Disambar 2012, bayan binciken da Sir John Holmes ya yi wa gwamnati kan dokokin ba da lambobin yabo na soja, Firaminista David Cameron ya sanar da lambar. Rashin lafiya ya hana Grenfell zuwa Landan, aka kai masa tasa Portsmouth. Ya rasu bayan wata uku, yana da shekara 93.

A Yunin 2013 aka yarda 'yan mazan jiyan su karɓi lambar Ushakov ta Rasha, wadda a baya gwamnatin Birtaniya ta hana.

Siffa da sharaɗi

Tauraro ne na tagulla mai tsini shida, ɗauke da tambarin Sarki George na VI. Ƙyallen ratayarsa na da shuɗi mai haske na sojan sama, shuɗi mai duhu na sojan ruwa, ja na matuƙan jiragen kaya, da fari a tsakiya mai nuna ƙanƙara. Ko kwana ɗaya mutum ya yi yana aiki a arewa da layin Aktik (layin taswira da ya zagaye yankin) tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 8 ga Mayu 1945, ya cancanta, kuma iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya na iya nema a madadinsu.