Karatun Attaura na mako-mako da waƙoƙin zamani, me ya haɗa su?

Wai mene ne ma wannan karatun na mako-mako?

Yahudawa sun raba Attaura, wato littattafai biyar na Annabi Musa, zuwa kashi 54, kowane kashi suna ce masa parasha. Duk ranar Asabar a majami'a sai a fito da naɗaɗɗen littafin fata a karanta kason wannan makon, a haka har a kai ƙarshe a bikin Simchat Torah wajen Satumba ko Oktoba, kuma a ranar da aka sauke a ranar ake komawa farko. Da yake makonnin shekara ba su kai 54 ba sai a shekarar da suka ƙara wata na 13, wasu makonnin kashi biyu ake haɗawa. Kusan dai kamar yadda ake raba izu a tafsirin azumi don a sauke kafin salla, sai dai nasu shekara guda yake ɗauka.

To ina waƙa ta shigo?

Ai tun asali karatun da rerawa ake yin sa, akwai alamomin murya da mai karatu zai haddace tun a gida domin shi littafin fatan babu wasali babu alama a cikinsa, baƙaƙe ne zalla. Ita kanta Attaurar akwai waƙa a ciki, babi na 15 na Littafin Fitowa, waƙar da Musa da jama'arsa suka yi bayan sun haye teku, Maryamu 'yar'uwarsa ta ɗauki bandiri mata suka bi ta. Asabar ɗin da ake karanta wannan wurin ma Shabbat Shirah ake ce mata, Asabar ɗin waƙa. Abin da ya zo daga baya shi ne malamansu da masu koyar da yara su ɗauko waƙar rediyo da kowa ya sani su jingina ta da kason makon lokacin da suke bayani.

Ba mu misali mana

Wanda ya fi kama ni shi ne kason Vayera, Littafin Farawa babi na 18 zuwa 22, inda aka umarci Ibrahim ya yanka ɗansa. A lura, a Attaura Ishaku ne ɗan, mu kuma mafi yawan Musulmi Isma'ila muka sani, a nan ruwayarsu nake faɗa. Bob Dylan, Bayahuden Amurka, da wannan labarin ya buɗe waƙarsa Highway 61 Revisited a 1965, ya mayar da wurin yankan kan wata babbar hanyar mota da ta bi ta Duluth garin da aka haife shi, kuma sunan babansa Abram. Shi kuwa Leonard Cohen na Kanada a 1969 ya yi Story of Isaac, ya ba yaron baki, yaron ne ke ba da labarin hawan dutsen da ubansa, daga nan sai ya juya kan manyan da ke tura 'ya'yan mutane mutuwa ba tare da wani wahayi ya zo musu ba, lokacin kuwa yaƙin Biyetnam na ci. A nassin Attaura, Ishaku tambaya ɗaya tak ya yi, ga wuta ga itace, ina ɗan ragon? To malami in ya saka wa matasa waƙar Cohen sannan ya ce su buɗe babi na 22, dole su lura da shirun yaron, abin da wataƙila sun sha karantawa ba su taɓa tsayawa a kai ba. Ni a ganina nan ne amfanin abin yake. Cohen ya sake komawa ga labarin a 2016 a You Want It Darker, makonni kaɗan kafin rasuwarsa, ya yi amfani da amsar da Ibrahim ya bayar ta "ga ni", kuma mawaƙan majami'arsu ta Shaar Hashomayim a Montreal ne suka yi masa amshi.

Sai mawaƙin ya zama Bayahude?

A'a. Makonnin fita daga Masar ana yawan ɗauko Go Down Moses, tsohuwar waƙar bayi baƙaƙen fata na Amurka, ko Exodus ta Bob Marley ta 1977.

A cikin majami'a ake kunna su kenan?

Ya danganta da ɓangare. 'Yan Orthodox, masu tsananin riƙo da dokokin addinin, ba sa kaɗa kayan kiɗa ranar Asabar, ba sa kunna na'ura ma, don haka a wurinsu sai dai a ambaci waƙar da baki ko a bari sai tsakiyar mako a aji. 'Yan Reform kuwa, masu sassauci a kan dokokin, sukan yi ibada da gita, irin su Debbie Friedman ta Amurka ta rubuta waƙoƙi kai tsaye daga kason mako, kamar L'chi Lach daga kiran da aka yi wa Ibrahim ya bar ƙasarsu, har suka shiga majami'u da sansanonin yara.

Kowane mako ake samun waƙar da ta dace?

Ina! Farawa da Fitowa cike suke da labari, ga rigyawar Nuhu ga Yusufu da 'yan'uwansa, nan ba a shan wahala. Amma in aka shiga Littafin Firistoci, dokokin hadaya da tsarki da babobi biyu cur kan cutar fata da tabo a tufafi da bangon gida, sai ka ga mutum ya tsinci kalma ɗaya a waƙar soyayya ya ce ai ga alaƙa, wannan kam gaskiya ba na so, don yara su kan tashi da waƙar a baki su manta abin da aka karanta. Masu hankali a irin wannan makon tambayar da ke ƙarƙashin dokar suke bi, misali wanda aka fitar bayan zango saboda ciwo yaya yake ji kuma wa zai je ya dubo shi, sai su nemo waƙar kaɗaici ko ta ƙyamar da ake nuna wa mara lafiya, in ba su samu ba su yi bayaninsu haka nan babu waƙa.