Wane folish ne ke saurin share ƙananan tabon fentin mota? Tambayoyi da amsoshi

Wane irin tabo ne folish ke iya cirewa?

Fentin motar zamani hawa uku ne: firaima a ƙasa, launi a tsakiya, sai kiliya a sama, wato fentin nan marar launi mai ba da sheƙi. Kaurin kiliyar kamfani maikron 40 zuwa 50 ne, kusan rabin kaurin takardar rubutu. Aikin folish shi ne ya kankare kiliyar da ke kewaye da karcen har bakinsa ya daidaita da gindinsa, haske ya daina karyewa a wurin. Ke nan sai karcen da ya tsaya cikin kiliya kaɗai yake magani: zanen da ke zagaye kamar saƙar gizo idan rana ta haska, dusashewa, tabon ruwa, da fentin wata mota da ya goga a jikin taka.

A gwada da farce. Idan farce ya wuce sumul, folish zai iya. Idan ya maƙale, sai dai a rage masa muni. In kuwa ana hango toka-tokar firaima ko ƙarfe, wannan aikin mai fenti ne, kada a ɓata kuɗi. Wata dabarar ita ce a zuba ruwa a kan karcen: wanda ya ɓace yana jiƙe, ya dawo bayan ya bushe, yawanci a kiliya yake.

Me ake nufi da "mai saurin aiki" a jikin kwalba?

A nan ne masu saye ke shiga tarko, domin sauri iri biyu ne. Akwai mai saurin yanka, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin gurza, galibi na aluminiyam oksaid, da ke cin kiliya da gaske. Akwai kuma mai saurin ɓoyewa, wanda mai, silikon da wakis (kakin sheƙi) na cikinsa ke cike karcen. Na biyun kan burge mai mota cikin minti biyar, amma bayan wanki uku ko huɗu, ko 'yan makonni a rana, karcen ya dawo yadda yake. Ba laifi ba ne a yi amfani da shi, musamman a fentin da ya riga ya yi siriri, in dai mutum ya san kwalliya ya saya.

Gane bambancin ba wuya. Bayan an goge, a fesa barasar asibiti ta aisofrofil, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, a share da tawul mai laushi. Abin da aka cire ya tafi ke nan. Abin da aka ɓoye zai fito.

To, wanne zan saya?

Ya danganta da zurfin tabon da kuma abin da za ka goga da shi. Mai aiki da hannu a kan karce ɗaya ko biyu, kamar na bayan mariƙin ƙofa, irin su Meguiar's ScratchX ko Ultimate Compound sun ishe shi, don an yi su ne su yi aiki ko ba inji. Mai inji yana da zaɓi mai faɗi. A jerin folish na kamfanin Menzerna lamba ce ke nuna kaushi: 400 mai yanka sosai, 2500 matsakaici, 3500 na ƙarasawa. A wajen Meguiar's kuwa M105 ke yanka, M205 ke fito da sheƙi.

A ganinmu, ga yawancin motocin hawa, matsakaicin folish da soso matsakaici shi ne mafi sauri, domin zagaye ɗaya ya gama. Mai kaushi yana cire karce da wuri, amma yakan bar hazo, musamman a baƙar mota, dole a sake bi da mai laushi, aiki ya zama biyu.

Yaya ake gwadawa kafin a bi mota duka?

A wanke motar da shamfun mota, a bushe, a shafa hannu. Idan ana jin tsakuwa-tsakuwa, a bi da yumɓun goge fenti tukuna, wato wani abu mai danƙo da ake sayarwa musamman don ɗauke dattin da ya manne, in ba haka ba soso zai kwashi dattin ya yi ta zane da shi. A zaɓi fili kamar santimita 40 a kan 40, a fara da mafi laushin abin da ake da shi. A ɗiga ɗigo uku ko huɗu, kowanne girman ƙwayar wake, a kan soso, a baza a hankali, sannan a bi tsaye da kwance sau huɗu zuwa shida, kowane layi ya hau rabin na baya. A share, a haska tocila daga gefe. In ya yi, an samu haɗin da za a bi motar da shi. In bai yi ba, a sauya soso zuwa mai tauri kafin a sauya folish.

Wanda bai ƙware ba ya nemi injin da ke juyawa yana karkarwa lokaci guda. Injin da ke juyi kai tsaye, irin na masu fenti, yana tara zafi, kuma daƙiƙa kaɗan a kan kusurwa ya isa ya ƙone kiliya. A manna tef a bakin fanel, wato kowane ɓangaren jikin mota kamar ƙofa ko bonet, da kan baƙar roba, domin folish na barin farin tabo mai wuyar fita a jikinta.

Me ya sa folish ke bushewa ya zama gari tun ba a gama ba?

Zafi ne, ko an labta da yawa, ko soso ya toshe. Jikin motar da ta wuni a rana yakan yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, man cikin folish ya tashi kafin ƙwayoyin su gama aiki. A yi a inuwa, da sanyin safiya, a kakkaɓe soso da buroshi bayan kowane fanel. Lokacin hunturu kuwa a nemi rufaffen wuri, don ƙurar da ke sauka yashi ce, kuma ita ce asalin yawancin zanen tun farko, idan ana share mota da busasshen tsumma kowace safiya.

Tsumma ya ɗauko launin motar. An lalata ne?

Idan ko'ina aka taɓa launi ke fita, fentin mai hawa ɗaya ne marar kiliya, kamar na tsofaffin motoci da wasu da aka sake wa fenti, kuma hakan ba matsala ba ce. Idan kuwa a wuri ɗaya ne kawai a motar mai kiliya, an huda kiliyar, a tsaya nan take. Motocin tokumbo na buƙatar kula a nan, tunda ba a san sau nawa aka goge su ba.

Tabon ruwan burtsatse fa?

A fara da ruwan khal da ruwa rabi da rabi, a bar shi minti ɗaya a kan fanel mai sanyi, a ɗauraye. Abin da ya rage ya ci kiliya ne, shi ne na folish. Bayan an gama a shafa wakis, domin folish ya kwashe kariyar da ke kai. Sabon fenti dai a ba shi aƙalla kwana 30 kafin wakis, ya gama fitar da tina, wato sinadarin da ake tsinka fenti da shi.